Gashin Bakin Kakana

A ɗakin Inna akwai hoton kakana, wanda wani Bature ya zana da alli tun kafin ruwan Kainji ya ci ƙauyenmu. Na ce zan goge masa ƙura. Shafa ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, gashin bakinsa ya tafi.

Ban firgita ba. Na samo gawayi na mayar da shi, har na ƙara masa tsawo, na kira mutanen gida su ga aikin gwani.

Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wanga ai tarwada ce da hula!"

Har yau in na sauka bakin ruwa a Yelwa, masunta kan ɗaga tarwada su ce, "Malam, zo ka gaida kakanka!"