Tabon da Ya Karɓe Mu a Gindin Dutse

Ko na manta sunayen jikokina (na ma fara, kada ku faɗa musu), ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je duba wa samarin unguwarmu wurin kwana a kan dutse.

Ƙungiyar matasa gare su nan Dutsin-Ma, masu yashe kwata da sharar maƙabarta. Suka ga a waya yadda wasu ke goya jaka su hau dutse su kwana, suka ce su ma sai sun yi. Iyaye suka ce a wannan zamani na 'yan bindiga babu inda za su, sai in da babba a gaba. To ni kuma na shekara ina cika su da labari a bakin masallaci, cewa akwai wani dutse a hanyar Kurfi, kusa da ƙauyen kakannina na wajen uwa, wanda nake hawa da gudu ina yaro. Sai suka naɗa ni uban tafiya. Na karɓa da girma, kamar an ba ni kantoma.

Shugabansu Sagir ne, ɗan jami'a, ɗa ɗaya tilo ga maƙwabciyata Hajiya Abu. Ya tsara komai: tanti, barguna, jarkokin ruwa, garin kwaki, maganin sauro. Ni, da ilimina na yaƙi da jahilci, na ƙara musu shawara mai nauyi, cewa kowa ya zo da butarsa. Saura a je a ga wurin da ido. Da zan hau bayan babur ɗinsa, Hajiya Abu ta leƙo ta ce, "Malam, amanarsa na hannunka." Na ce, "Hajiya, ki ɗauka yana ɗakinki."

Kayan da na sa kuwa: jaket ta gwanjo mai launin kayan soja, don samari su san da shugaba, da rawani na rufe rabin fuska saboda rana, da madubin hangen nesa na aro rataye a wuya.

Da muka kusa, Sagir ya rage gudu ya ce, "Baba, ba sai mun fara gaida mai gari ba?"

Gaskiyarsa. Ko akuya za ka nema a dajin mutane, sallama kake fara yi wa mai gari, balle yanzu. Amma akwai abin da bai sani ba. A garin nan taubashiyata Hure take, ɗiyar kawuna. Mijinta ya rasu bara, ni kuwa ban je ta'aziyya ba, saƙo na aika, wai ƙafa ke damuna. Yaya mai ciwon ƙafa zai ratsa ƙofar gidanta zuwa hawan dutse? Sai na gyara murya na ce, "Kai yaro, mutum na neman izini a gidansu? Bi ta bayan gonaki."

Muka ɓoye babur cikin dawa (ku lura, ɓoyewa muka yi), muka kama hawa. Ban kai rabi ba numfashi ya fara ƙaura. Na zauna kan wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, na ce nan ne ya fi dacewa da tanti. Na ɗora madubin a ido ina nuna wa Sagir da sanda: ga rijiya can, ga garken shanu, ga hanyar sauka in an yi ruwa. Shi kuma yana ɗaukar hoto da waya.

Wasu mata masu itace suka hango mu, suka watsar da kaya suka ruga. Na ce wa Sagir, "Ka gani? Kwarjini ne."

Ba a jima ba na ji tsakuwa na gangarowa. Na waiwaya, sai ga bakin bindigar toka yana kallona. Ta dama wani, ta hagu wani, da adduna da gorori.

"Ku kwanta! Mi kuke ƙirgawa a garinmu? Wa ya aiko ku?"

'Yan sintiri ne. Ashe kwanan baya an kore shanun ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, kuma an ce wani ne ya fara zuwa ya leƙa. Suka ƙwace wayar, suka ga hoton garke da rijiya da hanya. Wani ya ce, "Infoma ne, wallahi!" Suka ɗaure Sagir da igiyar shanu. Ni ma za a ɗaure ni, babbansu ya dubi yadda nake haki ya ce a bar ni, ba inda zan iya zuwa.

Kafin mu isa ƙofar mai gari, gari ya cika. Wasu na cewa a kai mu ga hukuma, wasu na cewa ba sai an wahalar da hukuma ba. Wani ya kai wa Sagir gora a kafaɗa. Yaron bai yi kuka ba, ni kawai ya kalla. Babu abin da nake ji a kunnena sai muryar Hajiya Abu.

Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Na yi bayani: matasa, tanti, kwana. Ya ce, "Kwana bisa dutse? Gidajenku sun rushe ne? In kai na nan ne, wa ya san ka?"

Na ce, "Hure."

Aka kira ta. Ta zo tana dogara sanda, ta zagaye ni, ta dubi jaket ɗin, ta ce, "Ban san shi ba."

Taro ya matso. Na ce, "Hure, don girman Allah, ba lokacin wasa ba ne!"

"Ranka ya daɗe, ina da wani bawa a Dutsin-Ma, amma shi gurgu ne, ko ta'aziyya bai iya zuwa. Wanga kuwa daga bisa dutse aka sauko da shi." Sai idonta ya faɗa kan kafaɗar Sagir, na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Ku kwance yaron ga. Amma tsohon sai an gwada. Nawa yana da tabo a mazauni. Muna yara ya ce zai hau dutsen ga, bai kai tsawon ɗaki ba ƙadangare ya gitta, ya zame ya sauko da gindi yana kiran uwa tai. Tun ran nan shi ke tsare mana takalma a ƙasa."

Mai gari ya sa aka kai ni zaure da dattawan shaida. Ni, mai furfura, uban tafiya, na sassauta zariya. Wani ya duƙa ya duba, sannan ya leƙa waje ya yi shela kamar an ga watan Sallah: "Akwai shi!"

Dariyar da aka yi, har mai bindigar sai da ya jingina da bango. Sagir ma, da kafaɗarsa a kumbure, ya juya baya yana girgiza.

Ban bar garin ba sai da na durƙusa na yi wa Hure ta'aziyyar bara, ta karɓa tana taunar goro. Na kai Sagir gida na faɗa wa Hajiya Abu komai da bakina. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da fara'a ba, kuma ban ga laifinta ba.

Tafiya kuwa an yi ta. Sagir ya koma da iyayen yara suka gaida mai gari, shi kuma ya haɗa su da 'yan sintiri, ya ce a hau da rana, a sauko a kafa tanti a filin makaranta. Ni ma na je. Samarin suka ce saboda ƙwarewata sun ware mini muƙami na musamman, suka tara mini silifas ɗinsu a gindin dutse.

Abin da na koya, kuma ina so ku riƙe shi da kyau: in za ku je garin mutane, ku shiga ta ƙofa ku yi sallama. In kuma za ku yi wa yara cika baki, ku zaɓi dutsen da taubasanku ba su zaune a gindinsa.