Damtsen Da Ya Hana Ni Rubuta Sunana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa buhun yashi naushi ba. Ko na so in manta, wuyan hannuna na dama yakan tuna mini duk lokacin da hadari ya haɗo.

Ni mai buga bulo ne a unguwar Dala. Tun ina saurayi nake ɗaga siminti, har damatsana suka cika hannun riga, aka laƙaba mini Ali Katako. Amma duk wannan ƙarfin, in aka miƙo takarda sai dai in miƙa babban yatsa a shafa mini tawada. Da furfura ta fara leƙowa na ce ya isa haka, na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a wata firamare. Ajin yana da al'ada: ranar yaye ɗalibai kowa zai fita gaban allo ya rubuta cikakken sunansa da alli, iyalinsa suna kallo. 'Yata Zara, wadda ke riƙe mini hannu a gida ina jan baƙaƙe, har sabuwar lafaya ta saya saboda ranar.

A bayan ajin akwai dogonyaro. A jikinsa Oga Emeka, wani Ibo mai shagon kayan wuta, ya rataye buhun yashi yana koya wa samari damben boksin. Siriri ne, ya girme ni, ƙwaurinsa kamar kara. Amma in ya taɓa buhun nan, har cikin aji za ka ji "tim!"

Ana saura 'yan kwanaki a yaye mu, Malama Falmata ta makara, muka fita kallo. Wani mai wankin hula da ake kira Ba Modu, abokin zamana a benci, ya zungure ni.

"Katako, ashe damtsen naka na ado ne? Dubi tsoho yana sa buhu kuka."

Ni mai haƙuri ne, kowa ya shaida. Na taɓa yin wata guda ina fama da harafi ɗaya ban yi tsaki ba. Amma ranar sai na ji bakina yana cewa, "Ba Modu, in na sa hannu, sai dai a je can unguwar Galtimari a ɗauko buhun nan."

Oga Emeka ya ji, ya yi murmushi. "Maigida, naushi ba a damtse yake ba. Daga ƙafa yake tashi, ya bi ta ƙugu, hannu ɗan aike ne kawai. Kawo hannun in naɗe maka da ƙyalle. Kuma jiya an yi ruwa, ƙasan buhun ya zama dutse, tsakiya za ka buga."

Na ce, "Oga, bar naɗinka. Da siminti nake karya kumallo."

Na tuɓe riga (zafi na ce ina ji, amma gaskiya matan ajinmu na hango a taga). Na kafe ƙafafu kamar zan ɗaga kaya, na ja hannu can baya, na rufe ido, na sako shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ina ya sauka? Daidai ƙasan da aka ce kada in taɓa.

Buhun ya ɗan karkata, kamar mai amsa gaisuwa. Ƙarar da aka ji, "ƙas!", daga hannuna ta fito. Sai ga Katako zaune a taɓo, ba riga, yana kiran "Wayyo Inna!" (Allah ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa.)

Ba Modu ya dafa buhun ya ce, "Lale, lale! Ya mutanen Galtimari?"

Wanda na raina shi ne bai yi dariya ba. Oga Emeka ya tare keke mai ƙafa uku, ya kai ni wurin mai ɗori a unguwar Hausari. A hanya yana tallafe da hannun ya ce, "Ƙarfinka na gaske ne, maigida, amma na ɗaukar kaya ne a hankali. Naushi sauri yake so, da wuyan hannu a miƙe. Naka a lanƙwashe ya isa." Ni kuwa ina ta cizon riga.

Na gwada rubutu da hagu a gida. Zara ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Baba, ka huta."

Ranar yayewa aji ya cika. Ba Modu ya rubuta sunansa a karkace, kamar zai gangaro daga allon, matarsa ta rangaɗa guɗa. Da aka zo kaina, na miƙe da hannu ɗaure cikin karare. Malama ta ba ni takardar shaidata, ta ce a hankali, "Baba Ali, dole a sa hannu an karɓa." Sai ta buɗe jaka ta fito da tawadar dangwale. Na dangwala da hagu. Na waiwaya na ga Zara cikin sabuwar lafayarta, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Har muka isa gida ba ta ɗago ta dube ni ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Hannun ya warke. Da shi nake rubuta wannan, a hankali. Da aka yaye 'yan bayanmu, Malama ta ba ni alli na rubuta sunana, aka tafa. Amma lokacin Zara ta yi aure tana Biu, a waya kawai na gaya mata.

Yanzu damtse na bar shi wa siminti. In kuma siririn mutum ya ce in kawo hannu ya naɗe mini, duka biyun nake miƙa masa.