Rasuwar Casimira, Kwamfutar Laburaren San Isidro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ya hana baƙin cikin kwanciya, Doña Eulalia Berrío, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana kula da laburaren garin San Isidro del Caño, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na ƙetare, rasuwar Casimira, kwamfutar da ta riƙe littattafan garin nan a cikinta. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ɗakin ajiye tsintsiya, tana da shekara goma sha biyu a duniya. Mai gyara ya ce wutar lantarki ce ta kashe ta. Doña Eulalia ba ta musa ba, amma ta ce akwai wanda ya buɗe wa wutar ƙofa.

Marigayiyar ta iso garin nan a kwalekwale, cikin kwali, a shekarar da kogi ya cika ya shiga laburare ya jiƙa kantocin littattafai uku na ƙasa. Doña Eulalia ta yi sati biyu tana shanya littattafai a igiya kamar wanki, rabinsu kuma ba su tashi ba. Daga nan ta zauna ɗaukar hoton takardun garin shafi bayan shafi tana zuba wa Casimira: tsohuwar jaridar gari, rajistar baftisma da ta aure, littattafan waƙoƙin masunta, wasiƙun da jikoki suka tsinta a ƙasan akwati. Shafi dubu arba'in da shida. Duk mai waya, ko yana Caracas ko yana Madrid, sai ya buɗe ya yi ta juya shafi kamar yana zaune a kan bencin laburare.

Casimira ba ta da sauri, wannan kowa ya shaida. Amma ba ta taɓa ɓatar da amana ba, ba ta taɓa tambayar mutum jam'iyyarsa ba. Da safe takan ce "fiit" sau ɗaya, sannan ta kama gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. In aka tambaye ta abu mai nisa sai a ji "ƙas, ƙas, ƙas," tana lalube. Tsoho Evaristo masunci, wanda bai iya karatu ba, yakan zo duk Juma'a da kifi a ganye ya ce, "Malama, ce wa tsohuwar nan ta nuna min babana." Sai ta fito masa da sa hannun mahaifinsa a rajistar kwalekwale. Ya kalla ya ƙoshi, ya sa hularsa ya tafi.

Ciwon ajalinta ya fara ranar da aka naɗa Don Nicanor Pertuz daraktan al'adu na gari, bisa cancantar da kowa ya sani: yana auren yayar magajin gari. Ya shigo ya ga ɗakin Casimira ne mai iska, ya ce nan ya dace da ofishinsa. Aka kwashe ta zuwa ɗakin tsintsiya. Bayan kwana uku ya aiko a cire stabilaizar da ke kare ta daga haukan wuta, ya jona wa firjin da yake sanyaya giyarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Doña Eulalia, "wutar garin nan ba ta da hankali. In ta zo da ƙarfi, kashe ta za ta yi."

"Haba, Doña Eulalia! Akwatin ƙarfe kike wa kuka? Wannan ai ta kusa girme ni."

"Ta dai fi ka karatu."

Ya yi dariya, amma bai manta ba. A lokacin Doña Eulalia ta gama ɗaukar hoton littattafai goma sha ɗaya na marigayiya Pastora Mejía, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan. Shekara arba'in Pastora tana rubuta kowace haihuwa: wace mace, wace rana, yaya naƙudar ta kasance, me uwar ta faɗa da ta ga ɗanta. Sau huɗu Doña Eulalia ta rubuta wa darakta tana neman sabon faifan ajiya don ta kwafe wannan aikin, sau huɗu takardar ta kwana a ƙarƙashin kofinsa. Da ta tafi Barranquilla aka yi mata aikin ido, ya sa aka kwashe kwalayen tsofaffin takardu aka cinna musu wuta a bayan laburare, wai gara suke kawowa. Littattafan Pastora na ciki.

"Ba ke kika ce komai yana cikin kwamfuta ba?" Abin da ya tare ta da shi ke nan ranar da ta dawo da bandeji a ido.

Casimira ta yi sati biyar tana jinya. Gurnaninta ya koma tari, takan suma da tsakar rana ta farfaɗo. Ranar Talata aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Ta ce "fiit, fiit, fiit," sau uku, abin da ba ta taɓa yi ba, sai ƙaurin ƙonewa ya cika ɗakin. Wílmer mai gyara ya kwance ta, ya duba faifan da ke cikinta, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. A ɗaya ɗakin, firjin darakta yana aiki lafiya lau.

Ta rasu ta bar kibod ɗaya da ya rasa haruffa biyu, da na'urar ɗaukar hoto wadda yanzu ba ta da inda za ta kai abin da ta gani, da faifai biyu da ke hannun wata sistar coci a garin Mompox, masu ɗauke da duk aikin in ban da na wata bakwai na ƙarshe. Sa hannun mahaifin Evaristo ya tsira. Littattafan Pastora sun tafi, takarda da hoto, babu kwafi ko ɗaya a bayan ƙasa.

Doña Eulalia tana so jama'a su san abin da ya biyo baya. Mahaifiyar Don Nicanor, Hermelinda, wajen haihuwarsa ta rasu, kuma ko hotonta ba shi da shi. Ranar Alhamis matarsa ta ji a kasuwa cewa Pastora ce ta karɓi wannan haihuwar. Da la'asar sai ga shi a ƙofar ɗakin tsintsiya, ba hula, ba dariya.

"Doña Eulalia, an ce kin karanta littattafan duka."

"Shafi bayan shafi. Taka haihuwar tana littafi na shida, shafi ɗaya da rabi."

Ya dafa bango. "Mahaifiyata ta yi magana?"

"Ta yi. Ta riƙe ka kusan awa guda. Har suna ta raɗa maka, ba wannan da kake amsawa ba."

"Don Allah, Doña Eulalia. Me ta ce? Wane suna?"

Ta dube shi da sabon idonta, wanda yanzu yake gani tangaran. "Ai komai yana cikin kwamfuta, ranka ya daɗe."

Za a yi jana'izar ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Fada, limamin coci, ya ce ba zai yi wa ƙarfe salla ba, amma ya yarda a kaɗa ƙararrawa. Masunta sun haɗa akwati da katakon tsohon kwalekwale, su ne kuma za su ɗauka. Za a tashi daga laburare, a bi ta bakin kogi, a tsaya a ƙofar gidan darakta, inda za a ajiye gawar a ƙasa a kira sunan duk wanda Pastora ta karɓi haihuwarsa, komai daɗewar da hakan zai ɗauka. Daga nan a koma bayan laburare a binne ta a daidai inda tokar take.

Bayan binnewa akwai kofi da miyar kifi da rogo. Ba a buƙatar furanni. Duk wadda ta haihu a hannun Pastora kuma tana raye, a kawo ta ko a kujera ne, domin Doña Eulalia ta aro kwamfuta, za ta zauna kwana taran da ake yi wa mamaci addu'a tana rubuta abin da suka tuna.

Don Nicanor ya aiko yana tambaya ko an yarda ya halarta. An yarda. An ware masa kujera a sahun gaba, dab da ta Doña Eulalia, kuma ta yi alkawarin za ta amsa gaisuwarsa. Iyakar abin da zai ji daga bakinta ke nan, ranar Asabar da duk ranakun da suka rage musu.

Allah ya ji ƙan Casimira.