Yadda Ake Gwada Sandunan Golf Masu Araha, Bisa Tafarkin Orval Pietila

Kai da kake son a san ka da iya tantance sandunan golf masu araha, irin waɗanda ko a garin da ake ƙera su ba a san sunan kamfaninsu ba, gyara zama. Matakai bakwai ne. Na yi maka alkawari, in ka bi su daki-daki, kafin dusar ƙanƙara ta rufe fili za a riƙa kiran ka gwani, ko da ba ka taɓa buga ƙwallo ta miƙe ba. Na ga an yi. Orval Pietila ya yi a garinmu bara, a filin nan mai rami tara da ke bayan ofishin 'yan kwana-kwana, shi da kowa ya shaida cewa shekara talatin yana wasa bai ƙaru da komai ba sai tumbi.

Mataki na ɗaya: Ka samu dalilin da ba za ka iya faɗa ba

Ba a fara bincike don son ilimi. Masu cewa haka ba su taɓa yin bincike ba.

Orval tsohon direban motar 'yan makaranta ne. Matarsa Noreen tana da yaya, Wendell Tervo, likitan haƙora da ya yi ritaya, kuma shi ne abokin wasan Orval na kowace Alhamis tun kafin su yi furfura. Sau shida Wendell yana cin kofin gari. Sandunansa na manyan kamfanoni ne, ƙarfe mai nauyi, yana wanke su da buroshin haƙora, kuma bai taɓa bari Orval ya riƙe ko ɗaya ba.

A watan Fabrairu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Wendell. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu rabi ya dawo. Da ƙanƙara ta narke a watan Mayu, ya fita bayan gida da babbar sandarsa ya gwada sau ɗaya. Ta suɓuce ta faɗa cikin furannin maƙwabta. Ya je ya ɗauko ta, ya tura jakar gaba ɗaya ƙarƙashin bene, ya ce ya gama. Daga nan sai kujera da talabijin. Matarsa ta jima da rasuwa, ba mai yi masa faɗa.

Wata rana Noreen ta dawo daga kai masa abinci, ta ajiye makulli a kan tebur ta ce, "Kwanon jiya yana nan yadda na bar shi. Likita ta ce in bai riƙa motsa hannun nan ba zai ƙarasa sandarewa. Ka yi wani abu mana."

"Ni? Mutumin da ko gaishe shi na yi sai ya yi mini gyara?"

"Ai shi ya sa na ce kai."

Mataki na biyu: Ka zaɓi kamfanin da ba wanda ya taɓa jin sunansa

Wannan yana da muhimmanci. Sandar da aka sani tana da masu kare ta. Wadda ba a sani ba kuwa, duk abin da ka ce a kanta ya zauna.

Safiya uku Orval ya yi a gaban kwamfutar Noreen da tabarau a ƙarshen hanci. Abu ɗaya yake nema, sanduna mafi rashin nauyi. Ya samo wani kamfani wai shi Dunmarlo, wanda adireshinsa wani ɗakin ajiya ne a jihar da Orval bai taɓa zuwa ba. Jaka guda cif, sanda goma sha ɗaya, ba ta kai kuɗin sandar Wendell guda ɗaya ba.

Da kwalin ya iso ya buɗe, sai ya ga kowace sanda da zane ruwan hoda, kuma an rubuta a jiki ƙarara cewa na mata ne. Ya san da haka tun yana saye, ya dai yi fatan rubutun ƙanana ne. Yini guda ya yi a gareji da takardar goge katako da baƙin fentin da ya rage na akwatin wasiƙa.

Kada lamirinka ya dame ka a nan. Gwani ba ya ɓoye gaskiya, fenti kawai yake mata.

Mataki na uku: Kada ka nemi taimako, ka yi kuskure da ƙarfi a gaban wanda ya sani

Orval ya shiga falon Wendell da kwanon miya a hannu ɗaya, jakar sanduna a kafaɗa, ɗan littafin rubutu a aljihun riga.

"Suruki, ba zama na zo ba, ƙanwarka ce ta aiko ni. Wannan kuma kayan aikina ne. Yanzu sharhi nake rubutawa a intanet kan sanduna masu araha, don tsofaffi irinmu."

Wendell bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Kai ne mai sharhi? Direba, kai da ka taɓa buga ƙwallo ta koma bayanka?"

"Iska ce ranar. Bari ka ji abin da na rubuta." Ya buɗe littafin, wanda babu komai a ciki, ya karanto: "Sandunan nan daidai suke da na manyan kamfanoni. Bambancin suna ne kawai. Masu sayen na tsada, kuɗi ne ke musu ƙaiƙayi."

Wendell ya kashe talabijin. Daga baya Noreen ta ce rabon da a ga allon nan baƙi tun watan Maris.

"Miƙo ɗaya."

Ya karɓa da hannun dama, ya jinjina ta, ya dube ta daga sama har ƙasa, ya daɗe yana duba. Orval ya riƙa fifita da littafin, don warin fentin bai gama fita ba.

"Wannan ai tsinken sakace ne," in ji Wendell.

"Ra'ayinka ke nan. Ni dai haka zan buga shi, da sunana a ƙasa, kuma kowa a garin nan ya san surukin wa nake."

"Ba za ka kunyata ni ba. Alhamis ka zo ka ɗauke ni, in nuna maka sau ɗaya."

Mataki na huɗu: Duk abin da ya faru, laifin sanda ne

Ga amfanin kayan araha, kuma kamfanonin ba su san su saka shi a talla ba.

Ƙarfe bakwai na safe suka isa, kafin kowa, daga su sai sauro da barewa biyu a bakin daji. Wendell ya dasa ƙwallo, ya gyara tsayuwa irin ta da, ya kai duka. Sandar ta wuce ta sama, ƙwallo ko motsi. Ya sake, ya tono ƙasa. A karo na uku ta gangara kamar taku goma ta tsaya.

Wuyan Wendell ya yi ja. Ya cusa hannun hagun a aljihu. Orval ya ga yana kallon inda suka ajiye mota, ya san in suka koma yanzu ba za su sake dawowa ba. Sai ya zaro littafi, ya lashi bakin fensir, ya rubuta yana faɗa a fili:

"Babbar sanda. Ba ta ganin ƙwallo. Sai a karo na uku ta gane ta."

Wendell ya juyo ya zuba masa ido. Orval bai ɗago ba, ya ci gaba da zana layi a ƙarƙashin rubutun.

Can Wendell ya ce, "Ƙara da cewa mariƙin yana da santsi."

"Santsi ƙwarai, ko santsi kawai?"

"Ƙwarai."

Rami uku suka yi ranar. Mako na gaba biyar. Kafin ƙarshen Yuli suna gama tara, littafin kuma ya cika da zagi. Sanda mai lamba bakwai tana da ƙara kamar an jefar da cokali a kwano. Sandar fitar da ƙwallo daga yashi ba ta da tarbiyya. Sandar tura ƙwallo rami kuwa, wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin rami ba. Noreen ta ce yanzu kwanukanta a wanke suke dawowa.

Mataki na biyar: Ka riƙa auna wani abu

Sharhin da babu lissafi a ciki hira ce kawai. Orval ba shi da na'urar auna nisa, da ƙafa yake ƙirgawa. In ƙwallonsa ce, taku yake kamar mai tsallake kwata. In ta Wendell ce, sai ya koma tafiyar amarya.

"Taku ɗari da hamsin," ya kira daga nesa.

"Direba, tun yaushe ƙafafunka suka gajarce?"

"Takalmin ne sabo."

Mataki na shida: Ka nisanci Bev Lahti

Kowane gari yana da tasa Bev. Tamu ita ke sayar da kofi a ɗakin hutawar filin, tana wasa da ƙungiyar mata ranar Talata, kuma ba ta da mugunta ko ta sisin kwabo, abin da ya sa ta fi kowa haɗari.

A tsakiyar Agusta Wendell ya gama rami na shida da bugu huɗu, adadin da aka ƙayyade masa, karon farko tun ciwon. Shi da kansa ya ce su shiga su sha kofi, shi da ya yi wata uku yana gudun ɗakin nan. Akwai maza huɗu a teburin taga, duk tsofaffin abokan karawarsa. Suka tashi suka gaisa. Orval ya jingina jakar a bakin kanta, ya manta cewa raɓa da yashi sun yi kusan wata uku suna cin fentinsa.

Bev ta leƙo ta ce, "Ai irin nawa ne. Dunmarlo na mata. Wendell, ka yi dabara, ba su da nauyi ko kaɗan. Ni ma tun da aka yi mini aikin kafaɗa su nake riƙewa."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da abin ya zo da sauƙi. Mutum huɗu suka duƙufa kallon kofunansu.

Wendell ya zaro sanda ɗaya, ya kankare da farce, ruwan hodar ya fito. Ya mayar da ita a hankali.

"Orval, a ina ake buga sharhin nan naka?"

Shekara talatin bai kira shi da sunansa ba. Orval ya ƙara tura littafin cikin aljihun riga. Wendell ya ajiye kuɗin kofin da bai sha ba, ya fita. Orval ya bi shi da mota yana tafiya a hankali a gefen titi, gilashi a sauke, yana cewa ya shigo. Wendell bai waiwaya ba. Mil ɗaya da rabi ya taka har gida.

Mataki na bakwai: Ka jira hukuncin masana

Kwana tara. Sau biyu Orval ya je ya ƙwanƙwasa, yana jin talabijin daga ciki, ba a buɗe ba. Ranar Alhamis ya je fili shi kaɗai, ya zauna a mota rabin awa, ya juyo.

Noreen ta ce, "Ka rubuta masa gaskiya ka tura ta ƙarƙashin ƙofa."

"In ce masa me? Tausayinsa na ji? Gara ya ɗauka wulaƙanta shi na yi."

A rana ta goma aka samu ambulan a akwatin wasiƙarsu, babu kan sarki. Shafi biyu ne, da rubutun Wendell irin na likitoci. Orval ya karanta a tsaye a bakin titi.

An sa masa take: Rahoto kan sandunan Dunmarlo. Shafin farko duk kan mariƙi ne da zik ɗin jaka. Shafi na biyu ya ce:

"Fenti: wanda ya yi aikin nan kada a sake ba shi buroshi.

"Awo: mai ƙirga taku maƙaryaci ne. Na san nisan kowace bishiya a filin nan.

"Tsawo: sun gaza na maza da inci guda. Na san na mata ne tun ranar da ka miƙo mini ɗaya a falona. Hannu ne ya samu matsala, ba ido ba.

"Abin da ban sani ba shi ne ba a buga sharhin a ko'ina. Wata uku ina tsara zagi mai inganci, ashe kai kaɗai ke ji. Wannan ne ban yafe ba tukuna.

"Kammalawa: ana buƙatar ƙarin gwaji. Alhamis, ƙarfe bakwai. Ka cire fentin gaba ɗaya."

Orval ya shiga gida ya miƙa wa Noreen, ya wuce gareji. Ta ce ya daɗe a ciki kafin ta fara jin ƙarar gogewa.

Ranar Alhamis Wendell ya fito da wuri yana jira a bakin ƙofa. Ya duba sandunan, ruwan hoda fes daga sama har ƙasa, ya rataya jakar a kafaɗar hagu. A wannan makon Noreen ta zauna ta buga littafin gaba ɗaya a shafin kamfanin, da sunan su biyu. Mutum uku suka karanta. Kamfanin ya aiko da wasiƙar godiya da huluna biyu, alamar ba sa cikin ukun da suka karanta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba maƙerin sanduna ba ne, kuma bai taɓa cin ko rami ɗaya a hannun kowa ba. In ka bi matakan nan surukinka ya daina yi maka magana, tsakaninku ne. In ya ci gaba da yi maka magana, wannan ma tsakaninku ne. In kuma ya warware har ya koma lallasa ka kowace Alhamis da sandunan mata, ya bi teburi-teburi yana ba da labari, kamar yadda ake yi wa Orval tun watan Satumba, kada ka neme ni. Orval ma bai kai ƙara wurin kowa ba. Yana dai zuwa ɗaukar sa bakwai saura kwata.