Yadda Na Zama Ƙafar Kwamfuta

Jama'a, yau na dawo gida kafaɗuna na ciwo kamar wanda ya wuni dakon siminti, kuma duk a kan ilimi, ni da rabona da aji tun ina da gashi a ka.

Ƙanwata ce ta ja mini. Tana rubuta kundin digirinta na uku a kan ƙwaron da ke cin hatsi a rumbu. Malamin da ke duba aikin ya ce akwai wani tsohon bincike a wata mujalla, dole ta karanta ta kafa hujja da shi kafin ƙarshen mako, in ba haka ba sai baɗi. Matar da ta yi shekaru tana karatu da goyo a baya, ka ce mata baɗi? Ta ce, "Yaya, kai ni laburare a babur ɗinka."

Ashe laburaren ya waye ban sani ba. Bara Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya zo ya yanka ƙyalle, ya ce zamanin takarda ya wuce, mujallun duniya kaf suna cikin kwamfuta, manazarci dannawa kawai zai yi. Aka kwashe na takarda, aka jera kwamfutoci sababbi fil, wasu ko ledarsu ba a cire ba.

Ƙanwata ta zauna ta danna. Shiru.

"Babu wuta, Malama," in ji ma'aikacin wurin.

"In an kawo fa?"

"Sai kalmar sirri. Tana wurin Shugaban laburaren, shi kuma ya tafi ƙasar waje taro a kan amfanin kwamfuta."

"To mujallun takardar?"

"Suna sito. Amma fa gara ta riga ki karantawa."

Na ga idonta ya ciko da ƙwalla, raina ya ɓaci ƙwarai. Ina shirin sakin baki sai na ga ta ƙura wa tebur ido. Ashe teburan da ɗan kwangila ya kawo gajeru ne, shi ne aka ɗebo mujallu masu kauri aka yi wa kowace kwamfuta matashi don ta kai daidai ido. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kai a karkace, tana karanta bayansu. Can ta ce, "Yaya, ga ta!"

Na kai hannu zan zaro, ma'aikacin ya zabura. "A'a, Malam! Umarni ne daga sama, kada kwamfuta ta gusa daga inda Mai Girma ya bar ta. Akwai hoto."

"To yaya za a yi, ranka ya daɗe?"

Ya sosa ƙeya. "In dai za ta tsaya daidai inda take, ni ban ga komai ba."

Haka ta zare mujallar, ni kuma na tallabi kwamfuta a iska kamar jaririn mutane. Wayarta ba caji balle ta ɗauki hoto, don wutar unguwarmu da ta laburare uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sai biro.

"Yaya, daure, na kusa."

"Ke dai yi sauri, kafin hannuna ya riga ki gamawa."

Ta gama, muka mayar wa kwamfuta matashinta. Muna fita na ji ma'aikacin a waya cike da murna: "Yallaɓai, albishirinka, yau an yi amfani da kwamfuta, har mutum biyu!"

Da na ba maƙwabcina tela labari, cewa ya yi, "Kai dai ka cika ƙorafi. Da ba su sayo kwamfutocin ba, ai da mujallar nan ma tana sito, gara ta yi walima da ita."

Na gyaɗa kai. Gaskiyarsa. Ƙanwata za ta miƙa aikinta a kan lokaci, kuma albarkacin hangen nesan manya ne.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya ƙaro kwamfutoci, akwai sauran mujallu a sito suna jiran ceto. Sai dai don Allah, wannan karon a sayo marasa nauyi.