Jirgin Yaƙin Namadi Mai Walda

Namadi mai walda, duk garinmu an san bakinsa ya fi hannunsa aiki. Wata uku kacal ya yi a Legas, amma da ya dawo sai ya zama masanin jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin teku.

"Bature ya zana, ni na haɗa," in ji shi. "Siffar kifi ake yi masa, idonsa bututu ne. Yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Sai dai ka ji dum!"

Ana nan ɓarayin kifi suka addabi madatsar ruwan garin. Sarkin Ruwa ya ce duk wanda ya iya maganinsu, aikin gadi nasa ne, har da sabon babur. Babur ɗin nan ya tsole wa Namadi ido.

"Ranka ya daɗe, kwana bakwai zan ƙera maka jirgin."

Ya samo tsohon duro ya shafe da baƙin fenti, ya soka bututu, ya liƙa madubi. Inji fa? Babu. Gindin duron ya yanke, don ya kifa shi a ka ya riƙa takawa a ƙasan ruwa.

Ranar gwaji gari ya cika bakin ruwa maƙil. Namadi ya lallaɓa bayan ciyayi, ya shige duro, tsundum! Can sai ga bututu yana keta ruwa shi kaɗai.

"Kai! Wallahi yana tafiya!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Namadi ya jiyo, kansa ya kumbura, ya ƙara sauri. A cikin duro kuwa duhu ne, ko tafin hannunsa ba ya gani. Bawan Allah bai san ya juyo wajen tudu ba.

Saman duro ya ɓullo. Cikinsa ya biyo. Sai ga ƙafafu biyu sirara, faca-faca da taɓo, suna ta taku tiƙis-tiƙis, har jirgi ya yi karo da kujerar Sarkin Ruwa, ƙwal!

Daga cikin duro murya ta fito da isa:

"Wa ya tare mini hanya a tsakiyar teku?"

Sarkin Ruwa ya duƙa, ya daɗe yana kallon ƙafafun, sannan ya ƙwanƙwasa duron da sanda.

"Malam Namadi, ka iso. Kashe injin haka nan, na ga ƙaya ta soke shi a diddige."