Rasuwar Ragar Baban Gola

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da ya gaji da sunkuyawa, mai gyaran takalmin nan na ƙarƙashin matakalar kasuwa, wanda aka fi sani da Baban Gola, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu dariya a ɓoye, rasuwar ragarsa. Ta cika ranar Lahadi da yamma a filin ƙwallon ƙungiyarsa, a gaban jama'a, saura minti huɗu a tashi. Ta rasu tana da shekara shida.

Shi ya saƙa ta da hannunsa, ita da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen filin, da zaren ɗinkin takalmi, ƙulli bayan ƙulli, a shekarar da ƙungiyar ta ɗauki ɗansa na fari ya tsare mata gida. Wata biyu takalman mutane na jibge a gefe yana saƙa. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ji cewa ragar ta ado ce kawai, ƙwallo ba za ta taɓa ta ba muddin yaronsa na tsaye, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunan Baban Gola ma shi ya roƙa a riƙa kiransa da shi. Ashe barewa takan haifi kunkuru.

Marigayiya mai karɓar baƙi ce, ba ta taɓa mayar da kowa ba. Daga kusa, daga tsakiyar fili, daga ƙafar 'yan bayan gidanta ma, duk wadda ta zo sai ta rungume ta da 'yar muryarta mai ladabi, "shaf!" Ba ta ƙorafi. Kowace Litinin mamallakinta yakan je da basilla ya ɗinke mata raunukan mako, kyauta, yana gaya mata mako mai zuwa za a gyara.

Ciwon ajalinta ƙoshi ne. An fara wasan tana bayan golan baƙi, inda ta samu cikakken hutu, domin 'yan gaban ƙungiyar mutane ne masu kunya, ba sa shiga gidan wani. Harbi ɗaya suka yi, ya kashe fitilar babur ɗin wani ɗan kallo. A lokacin 'yar'uwarta ta haɗiye ƙwallo uku. Da aka dawo daga hutu aka juya, sai ɗan Baban Gola ya zo ya tsaya a gabanta, daga nan jikinta ya rikice. Ta huɗu ta bi tsakanin ƙafafunsa. Ta biyar ta same shi yana gyara safar hannu. Ta shida ya tashi sama da kyau ƙwarai, sai dai ta ɗaya ɓangaren. Ta bakwai da ta takwas uban bai gani ba, hularsa na kan fuskarsa, kunnensa ne kawai ya ji "shaf", ya sake jin "shaf". Da ta tara ta zo, marigayiya ta ce "ɓarrr", ta yage daga sama har ƙasa, ƙwallo ta fice ta gangara bakin titi. Alƙalin wasa ya yi shakkar ko ta ciki ta bi, yaron ne da bakinsa ya tabbatar masa ta shiga. Abu ɗaya ke nan da ya kama a ranar.

Koci ya ce sakamakon bai nuna yadda wasan ya kasance ba. Baban Gola ya yarda da shi, goma sha biyar ya kamata.

Ta rasu ta bar ƙarafa uku, waɗanda suka tare ƙwallo fiye da mai tsaron gidan, da 'yar'uwarta da ke kwance rai a hannun Allah, da 'yan wasa goma sha ɗaya da ba wanda rigarsa ta jiƙe da gumi. Ta kuma bar wani dattijo da tun Litinin mai askin da ke kusa da shi ke gaishe shi da ɗaga yatsu tara kawai. Wannan ya fi cin mutuncin baki zafi, kuma dattijon yana jin sa har cikin ƙashi. Uwar yaron ta ce a yi haƙuri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mai gidan ya ce gaskiya ne, amma hannayen da ake magana a kai ba a jikinsa suke ba.

Za a naɗe gawar cikin tsohon buhu gobe da safe, a kai ta bola ta bayan filin. Ba za a saƙa wata ba, basilla ta koma kan takalmi. Zaman makoki a rumfar mamallakin, kwana uku, kuma ana roƙon masu ta'aziyya su kira shi mai gyaran takalmi kawai, ya ajiye ɗaya sunan. Ɗansa kuwa ya aiko yana tambaya ko an yarda ya zo. An yarda. Uban ya ce a tsayar da shi a bakin ƙofa, don kowa ya samu shiga.